Groucho Marx, Gwanin Barkwanci a Telebijin

An haifi Groucho Marx a birnin New York na ƙasar Amurka ran 2 ga Oktoba, 1890. Ya yi suna a wasannin silima, shi da 'yan'uwansa. Cikin 1947 ya soma gabatar da shirin kacici-kacici, watau You Bet Your Life, a rediyo, sannan a telebijin daga 1950 zuwa 1961. Zolayar da yake wa masu gasa ita ce gishirin shirin.

A 1973 saura ƙiris kamfanin NBC ya lalata fina-finan shirin, sai jikansa ya cece su. Da aka sake nuna su a 1974, yaran zamani suka yi na'am da shi. Ya mutu ran 19 ga Agusta, 1977, yana da shekara 86.