Tarihin Likita Mila, ɗan mishan da ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Hausa

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila, a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, amma ya bar damar samun abin duniya ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, bisa imanin cewa kwanciyar rai tana cikin bautar Allah da hidimar jama'a.

Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya, wurin Hausawa mazauna birnin. A 1900 ya isa Kano cikin tawagar Bishop Tugwell, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba. Sai suka koma Girku, kafin Miller ya tare a birnin Zariya a 1905, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Shekaru sun shuɗe, waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne haɗuwarsa da Isawa a 1913. Su ne mabiyan Malam Ibrahim, wani malami da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa.

Da dama daga cikinsu sun zama Kirista, aka kafa masu mazauni a Gimi, a yankin Makarfi na yau, inda suke noma da karatu da ibada tare. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, domin cutar barci ta auka wa ƙauyen ta hallaka mutane da yawa, aka kwashe sauran zuwa Zariya.

Wannan rashi bai sa ya koma gida ba. Ko da aka mayar da mishan Wusasa a 1929, ya ci gaba da aikin da ya fi ba shi muhimmanci, wato fassarar Littafi Mai Tsarki. Da taimakon wasu 'yan mishan da Hausawa abokan aikinsa, littafin ya fito cikakke da Hausa a 1932.

A al'ummar Wusasa ne Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Najeriya, ya tashi, haka ma Janar Yakubu Gowon.

Miller ya sha saɓani da Turawan mulki, waɗanda ke taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, ya kuma sha sukar yadda suke gudanar da mulki. Duk da haka a Najeriya ya zaɓi ya tsufa. Ya rasu a 1952 a Bukuru, kusa da Jos, yana da shekaru 80.