Addi Ba: Saurayin da Ya Riƙe Amana Har Ƙarshe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ƴan uwa matasa, in kun zauna da dattawan Bande, ko na Magarya da Dungas, za ku ji suna ambaton Yaƙin Hitila. A lokacin Faransa ta kwashi samari daga ƙasashen da take mulki, har da ƙasar Damagaram, ta kai su Turai. Duka ana kiransu sojojin Senegal, alhali daga ko'ina suka fito. Da yawansu ba su dawo ba. Ga tarihin ɗaya daga cikinsu.

Sunansa Mamadu Hadi Ba, amma an fi saninsa da Addi Ba. Bafulatani ne, Musulmi, haifaffen Futa Jallo a ƙasar Gine. Ya je Faransa tun kafin yaƙi, tare da iyalin wani ma'aikacin mulkin mallaka, ya zauna a garin Langeais. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 sai ya shiga soja da kansa, aka sa shi a runduna ta 12 ta sojojin Afirka.

A watan Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Aka kama Addi Ba, aka tsare shi a Neufchâteau. Bai daɗe ba ya kuɓuce tare da wasu abokansa, suka shige dazuzzukan yankin Vosges. Mutanen wani ƙauye, Tollaincourt, suka ba shi masauki, duk da sun san in Jamusawa suka gano, rayukansu na cikin haɗari. Shi kuwa bai tsaya ga ceton kansa ba: ya riƙa taimakon ƴan uwansa sojojin Afirka da ke ɓoye, har suka tsallaka zuwa Suwizalan.

A 1943 Jamus ta tilasta wa samarin Faransa zuwa yi mata aikin dole. Addi Ba da abokinsa Marcel Arburger suka kafa sansani a daji don ɓoye waɗanda suka ƙi tafiya, sansanin farko irinsa a yankin. Ku duba fa: baƙo ne, baƙar fata, mai sallah, amma iyaye suka damƙa masa ƴaƴansu.

A watan Yuli Jamusawa suka auka wa sansanin. Daga baya Addi Ba ya faɗa hannunsu, aka kai shi kurkukun Epinal. An gana masa azaba don ya faɗi sunayen mutanensa da na waɗanda suka ciyar da shi. Bai buɗe baki ba. Ran 18 ga Disamba 1943 aka harbe shi tare da Arburger. Kabarinsa na maƙabartar sojoji ta Colmar, nesa da Futa Jallo.

Sai da aka yi shekara sittin, a 2003, kafin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta ƴan gwagwarmaya. A 2012 marubucin Gine Tierno Monénembo ya fitar da littafi a kansa, a 2017 kuma aka yi fim. Da ba don tsofaffin ƙauyen can sun riƙe labarinsa ba, da ya ɓace.

Yaƙin ba na ƙasarsa ba ne, wannan gaskiya ne. Amma amanar da ya riƙe tasa ce, kuma ita ce addininmu ya hore mu da ita: wanda ya ba ka ruwa, ya rufa maka asiri, ba ka bashe shi ko da wuƙa na wuyanka.

Saura namu. A gidajenmu akwai kakannin da aka tafi da su, ba a ko san inda kabarinsu yake ba. Ku tambayi tsofaffi tun suna raye, ku rubuta sunayen, ku sa su cikin addu'a.

Allah ya jiƙan Addi Ba, ya gafarta masa, shi da dukan namu da suka kwanta a ƙasar wasu. Amin.