Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarki Kuma Masanin Magani

Daga wakilinmu na Gombe

Galibin jama'a sun san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da jihadi da mulki, amma kaɗan ne suka san irin zurfin da ya yi a ilmin magani. An haife shi a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ya yi karatu a wurinsa da wurin baffansa, Malam Abdullahi na Gwandu. Yana saurayi aka fara jihadi a 1804, ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙi. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, kuma da Shehu ya rasu a 1817 sai aka yi masa mubaya'a. A zamaninsa Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga Shehu, shi ke riƙe da ƙasar Gombe.

Duk da nauyin mulki da yawan yaƙe-yaƙe, Bello bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai da dama cikin Larabci a kan tarihi da shari'a da sha'anin mulki, shahararre daga cikinsu shi ne Infaƙul Maisuri. A fannin magani kuwa ya wallafa Almawaridun Nabawiyya, wanda ya tattara magungunan da suka zo cikin hadisai. Sa'an nan ya yi Masugul Lujaini a kan ciwon ido, da Alƙaulul Mansuru a kan basir. Duk wanda ya san yadda waɗannan cuce-cuce biyu ke damun talaka a ƙasar nan, zai gane cewa Sarkin ya dubi bukatar jama'arsa ne ya ɗauki alƙalami.

Ilmin maganin da Bello ya tarar yana da tushe uku. Akwai maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai ilmin likitocin Larabawa, wanda suka gada daga Yunanawa, mai auna cuta da zafi da sanyi da danshi da bushewa. Akwai kuma saiwa da sassaƙe da ganyen da masu maganin gargajiya suka sani. Bello ya nazarci littattafan magabata, ya tsamo abin da zai amfani mutanen ƙasarsa, ya rubuta shi a taƙaice don malamai su koya su koyar.

Har ila yau bai rufe ƙofa ga ilmin baƙi ba. A 1824 wani Bature mai yawon bincike, Kyaftin Kilafaton, ya iso Sakkwato, bayan abokin tafiyarsa, Likita Audni, ya mutu a hanya kusa da Katagum. Bello ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila, Joji na Huɗu, yana neman a aiko masa da jakada da kuma likita su zauna a ƙasarsa. Da Baturen ya komo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin lissafi na Uƙulidus da littafin Ibn Sina, duk cikin Larabci. Likitan da aka turo, watau Dikson, ya bi ta Dahomi, aka daina jin ɗuriyarsa, Kilafaton kuma ya mutu a Sakkwato a 1827. Haka burin Sarkin ya tsaya bai cika ba.

Bello ya rasu a watan Oktoba na 1837 a Wurno, ribaɗin da ya gina, kuma can kabarinsa yake. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya nema, watau haɗa ilmin gida da na waje, har yau ana muhawara a kansa a duniya. A Jamus, Jami'ar Witan-Hardeke ta fara tun 2004 koyar da ɗaliban likita wani tsarin magani da Rudolf Shitaina da Likita Ita Wegman suka kafa wajen 1920, mai haɗa jinyar jiki da ta ruhi. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya yi cikakken karatun likita kamar kowa, wancan kuwa ƙari ne. Duk da haka masana da yawa na sukar tsarin da cewa ba a tabbatar da amfanin magungunansa ta hanyar gwaji ba.

Mu ma a nan Gombe maganar ta shafe mu. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, muna da jami'ar jiha da aka kafa a 2004 mai horar da likitoci, amma majinyata da yawa sai sun sha jiƙo da sassaƙe kafin su isa asibiti. Likitan da bai san abin da majinyaci ya sha a gida ba, yana iya ba shi maganin da zai yi karo da shi. Ya kamata hukumomin jami'o'inmu su sa a fassara littattafan Bello na magani, a gwada abin da ke cikinsu a ɗakin bincike, a koyar da ɗaliban likita wanda ya inganta, a kuma gargaɗi jama'a game da wanda ke cutarwa.