William Perkin: Matashin da ya je neman maganin zazzaɓi ya dawo da galura

Galurar da masu rini ke saye a ƙulle a kasuwannin Kano da Maraɗi ta samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin ɗaki a birnin Landan, inda wani yaro mai shekara 18 yake gwaje-gwajen sinadarai lokacin hutun makaranta. Sunansa William Henry Perkin.

An haife shi ranar 12 ga Maris, 1838 a gabashin Landan, shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa, George Perkin, kafinta ne kuma magini. Wani malaminsa mai suna Thomas Hall ne ya lura yaron na da ƙwaƙwalwar kimiyyar sinadarai, ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa. A 1853, yana ɗan shekara 15, ya shiga kwalejin koyon sinadarai ta Landan, ƙarƙashin wani farfesa Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann.

Neman kwini

A wancan zamani kwini ne babban maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka kaɗai ake samun sa, ga tsada. Hofmann na ganin za a iya haɗa shi daga sinadaran da ke cikin kwaltar kwal. A hutun Ista na 1856, Perkin ya ce bari ya gwada a ɗakin gwajin da ya haɗa wa kansa a saman gidansu.

Kwini dai bai samu ba. Da ya zuba gishirin kuromiyam a kan wani sinadari mai suna anilin, abin da ya fito baƙin dabo ne a gindin kwalba. Wani zai zubar ya wanke kwalbarsa. Shi kuwa sai ya zuba masa sifirit, ya ga ruwan ya koma shunayya mai ɗaukar ido. Ya tsoma ƙyallen siliki, launin ya kama, wanki bai fitar da shi ba. Daga baya aka fahimci cewa anilin ɗin nasa ba tsantsa ba ne, kuma gurɓin da ke ciki na daga cikin abin da ya haifar da launin.

Daga kwalba zuwa masana'anta

Perkin ya aika samfuri ga kamfanin rini na Pullar da ke Perth a Sikotilan, suka ce abin na da kasuwa in dai farashinsa bai yi yawa ba. A watan Agustan 1856 ya yi rajistar mallakar fasahar, ya bar kwaleji duk da rashin amincewar Hofmann. Mahaifinsa ya zuba abin da ya tara, yayansa Thomas ya shigo, suka gina masana'anta a Greenford a 1857.

Nan ne aka sha wuya. Sai da ya koyi yadda zai samar da anilin mai yawa, ya kuma nemo hanyar da launin zai kama auduga ta amfani da sinadarin jima, irin wanda majemanmu ke samu a bagaruwa. Da Sarauniya Biktoriya ta Ingila da matar Sarkin Faransa, Eugénie, suka fara sa tufafi masu wannan launi, sai matan Turai suka yi masa caa. Kafin ya kai shekara 30 ya zama attajiri.

A 1869 ya gano hanyar haɗa jan launin alizarin, amma Jamusawa suka riga shi yin rajista da kwana ɗaya tak. A 1874 ya sayar da masana'antar ya koma bincike zalla. An ba shi sarautar Sir a 1906, ya rasu ranar 14 ga Yuli, 1907. 'Ya'yansa maza uku duk sun zama masana sinadarai.

Abin da ya shafe mu

Ƙofar da Perkin ya buɗe ce Jamusawa suka bi. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. A ƙasar Hausa ma, inda marina ke haɗa baba da toka da katsi su jira kwanaki kafin karofi ya nuna, galura mai arha da yadin kanti sun ci kasuwa a hankali. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan, amma ramuka da dama sun bushe. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa na cikin abin da ya rage.

Akwai kuma batun lafiya. A 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan sankarar mafitsara tsakanin ma'aikatan masana'antar galura. Gishirin kuromiyam ɗin da Perkin ya yi aiki da shi, yau an san guba ne mai jawo sankara.

Saboda haka matashin da ya tsinci tsofaffin kwalaben sinadarai a gwanjo, ko yake rini da soda a tsakar gida, kada ya ɗauka sa'a ce kawai ta ɗaga Perkin. Ya shafe shekara uku a hannun ƙwararre kafin wannan rana, ya san sunan duk abin da ya zuba. Kwalbar da rubutunta ya goge ba abin gwaji ba ce. Mai rini kuma ya sa safar hannu, ya yi aiki inda iska ke kaɗawa, ya nisanta ruwan rini daga rijiya da wurin wasan yara.