Sarki Leopold na Biyu, Wanda Aka Yi Wa Kirari da Mai Jinƙai

In akuyar talaka ta shiga gonar mutum, kafin rana ta faɗi an kai mai ita gaban mai gari. In kuwa shanun mai arziki suka cinye gonar duka, sai ka ji dattawa suna cewa a yi haƙuri, tsautsayi ne. Ya mai karatu, ka taɓa ganin haka a garinku. Ga labarin wani sarki na ƙasar Turai wanda ya cinye gonar miliyoyin mutane, manyan duniya kuwa suka yi shekaru suna sa masa albarka.

An haifi Leopold a birnin Burussel, a ƙasar Beljik, a shekara ta 1835. Ya hau gadon ubansa a 1865. Beljik ƙaramar ƙasa ce, sarkinta kuwa ba shi da iko da yawa, gama majalisa ce take yin doka. Wannan bai gamshi Leopold ba. Tun yana saurayi yake neman wata ƙasa mai nisa wadda za ta zama tasa shi kaɗai. Ɗansa namiji guda ɗaya ya rasu a 1869 yana da shekara 9. Daga nan bai nuna ƙauna sosai ga matarsa da 'ya'yansa mata ba, zuciyarsa duka tana wajen dukiya.

Mutumin yana da wayo ƙwarai. Bai fito ya ce yana son ƙasa ba. A 1876 ya kira masana da matafiya zuwa fadarsa, ya yi musu liyafa, ya nuna musu yana so a hana cinikin bayi a tsakiyar Afirka, a kai magani da ilimi. Suka koma gida suna yabonsa. Sa'an nan ya ɗauki wani mai yawon bincike, Henry Morton Stanley, ya aike shi kogin Kwango a 1879. Stanley ya bi sarakunan ƙauyuka da 'yan ƙyallaye da giya, ya sa fiye da 400 suka sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba. Takardun sun ce sun ba da ƙasarsu. Amurka ce ta fara yarda da tutarsa a 1884, sauran ƙasashe suka bi a lokacin taron Barlin. A 1885 Kwango ta zama mallakar mutum ɗaya, ba ta gwamnatin Beljik ba. Girmanta ya kusa ninka ƙasar Nijar sau biyu. Har ya mutu bai taɓa sa ƙafarsa a can ba.

Da fari hauren giwa yake nema. Amma a 1888 wani mutum mai suna Dunlop ya ƙago tayar keke mai iska, daga baya motoci suka zo, sai duniya ta shiga neman roba ido rufe. A kurmin Kwango kuwa akwai itace mai yaɗo wanda ake tsagawa danƙo ya fito. Aka yanka wa kowane ƙauye yawan danƙon da zai kawo. Maza su shiga kurmi kwana da kwanaki, su bar gonaki ba mai noma. Domin kada su gudu, sai sojoji su kama matansu da 'ya'yansu su tsare har a cika awo. Wanda ya kasa, a shimfiɗa shi a yi masa bulala da dorina. Ƙauyen da ya ƙi, a ƙone shi. Cikin sojojin farko har da waɗanda aka ɗebo daga bakin tekun Afirka ta Yamma, ana ce da su Hausawa.

Abin da ya fi muni shi ne maganar harsashi. Shugabannin sojoji ba su so a ɓata harsashi wajen farauta. Saboda haka soja yakan kawo hannun dama na wanda ya harbe, shaida ke nan. In ya harbi dabba, ko ya yi kuskure, sai ya yanke hannun mai rai domin lissafi ya cika. Da kisa, da yunwa, da cututtuka, da rashin haihuwa, mutanen ƙasar suka ragu da miliyoyi. Waɗansu masana tarihi sun ƙiyasta har miliyan 10.

To, ina manyan duniya suke? Suna Burussel. A 1889 aka buɗe babban taron hana cinikin bayi a birnin, Leopold ne mai masauki. A 1897 ya kawo mutanen Kwango 267 garin Tervuren, aka ajiye su cikin bukkoki jama'a suna zuwa kallo. Bakwai suka mutu a can. Shi kuwa yana ta gina fadodi da manyan hanyoyi da kuɗin danƙo, har mutanensa suka sa masa suna Sarki Magini.

Dole mu faɗi wani abu mai ɗaci, 'yan'uwa. Ba 'yan kasuwa kaɗai suka yi shiru ba. Waɗansu ma'aikatan mishan ma sun yi. Suna bukatar izinin sarki kafin su buɗe tasha, suna tsoron kada a kore su aikin bishara ya tsaya. George Grenfell, mutumin kirki wanda ya ba da ransa ga aikin Kwango, ya karɓi lambar girma daga hannun Leopold, ya kuma daɗe bai yarda sarkin yana da hannu a ciki ba. Yana tsammani laifin ƙananan ma'aikata ne. Kullum haka ake yi wa babba: a ce bai sani ba, yaransa ne suka ɓata. Amma wa ya yanka awon danƙon, aljihun wa kuɗin yake shiga? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Waɗanda suka buɗe baki ba manya ba ne. Na fari wani baƙin mutum ne na Amurka, George Washington Williams, wanda ya ga abin da idonsa ya rubuta wa sarkin buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1890. Aka yi ta ɓata masa suna, ya mutu a shekara ta gaba. Sai William Sheppard, shi ma baƙin Ba'amurke, mai wa'azi a yankin Kasai. A 1899 ya tafi wani sansani inda aka yi kisa, ya ƙidaya hannuwan dama 81 ana ƙyafe su a kan wuta. Sai wani akawu na kamfanin jiragen ruwa, Edmund Morel, wanda ya lura jirage suna zuwa Beljik cike da roba da haure, suna komawa da bindigogi da harsashi. Ya gane ba ciniki ake yi ba. Ya bar aikinsa domin ya faɗa wa duniya.

A 1904 wani mutum mai suna Nsala ya zo tashar mishan ta Baringa da ɗan ƙunshi a hannu. A ciki akwai hannu da ƙafa na 'yarsa Boali, mai shekara 5, wadda masu gadin kamfanin roba suka kashe. Matar mai mishan, Alice Harris, ta ɗauke shi hoto yana zaune yana duban su. Ita da mijinta suka zaga majami'u na Ingila da Amurka suna nuna hotunan. A wannan shekara kuma wakilin Ingila, Roger Casement, ya ba da rahoto mai tabbatar da maganar.

Leopold bai tuba ba. Ya biya 'yan jarida a ɓoye su yabe shi. Ya naɗa masu bincike nasa, amma da suka ji shaidar mutane, su ma suka tabbatar da yawancin zargin a 1905. Da abin ya ƙi rufuwa, gwamnatin Beljik ta karɓi Kwango daga hannunsa a 1908. Ka san hukuncin da aka yi masa? An yi alkawarin ba shi faran miliyan 50, wai godiya saboda wahalar da ya sha domin Kwango, kuɗin kuwa daga Kwango za a fitar. Kafin ya miƙa mulki, ya sa aka yi kwana 8 ana ƙone takardun gwamnatinsa. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Wanda aka kai shi ne Sheppard mai wa'azi: wani kamfanin roba ya yi ƙararsa a 1909 wai ya ɓata masa suna. Alƙali ya sake shi.

A ƙarshen ransa mutanen Beljik sun ƙi shi, amma yawancinsu ba domin Kwango ba. Yana da shekara 65 ya ɗauki wata yarinya Bafaranshiya mai shekara 16, ya cika ta da gidaje da sarauta. Wannan abin kunya ne ya fi ɓata musu rai. Ya aure ta kwana 5 kafin mutuwarsa. Ya mutu ran 17 ga Disamba 1909, bayan shekara 44 a kan gado. Sa'ad da ake wucewa da gawarsa, waɗansu suka yi masa ihu.

Duk da haka ba a daɗe ba aka manta. Aka kafa masa gumaka a birane, aka koya wa yara a makaranta cewa shi ne ya kai haske Kwango. Sai a watan Yuni 2020 aka sauke ɗaya daga cikin gumakan a birnin Antwerp. A ƙarshen wannan wata Sarki Philippe, wanda ya fito daga zuriyar ƙanen Leopold, ya rubuta wa shugaban Kwango yana nuna baƙin cikinsa a kan abin da aka yi. Kaburburan mutum bakwai ɗin nan suna nan a jere a gefen wata majami'a a Tervuren.