Maria Montessori: Likitar Da Muke Ganin Sunanta A Allon Makarantu

A hutun zangon da ya wuce, yayata ta ɗora min aikin kai 'yarta makaranta kullum da safe. A ƙofar makarantar an rangaɗa wa allo fenti, an rubuta Montessori da manyan baƙaƙe. Wata rana na leƙa ta taga, sai na ga yara sun harɗe hannu a ƙirji, malama tana faɗa suna maimaitawa, ga bulala a kan tebur. Na tambayi yayata ko ta san ma'anar sunan, ta ce ita dai ta ɗauka sunan makarantar masu kuɗi ne. Gaskiya ni ma a lokacin ban fi ta sani ba. Da na dawo makaranta na shiga laburare, ashe sunan wata mata ce, kuma abin da na gani ta tagar nan shi ne ainihin abin da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da shi.

An haifi Maria Montessori ranar 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle na ƙasar Italiya. Abin da ya fara burge ni, kusan tamu ce: tana 'yar shekara 13 ta shiga makarantar fasaha a birnin Rum, inda akasarin ɗaliban maza ne, da burin zama injiniya. Daga baya ta karkata ga likitanci. Mahaifinta bai so ba, mahaifiyarta ce ta tsaya mata. A jami'ar Rum ba a yarda ta yi aikin fiɗar gawa tare da maza ba, sai an tashi take zama ita kaɗai ta yi. Duk da haka ta kammala a 1896, tana cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya.

To me ya kai likita aji? Aikinta ya riƙa kai ta gidajen masu taɓin hankali, inda ake kulle yara masu larurar ƙwaƙwalwa a ɗaki fayau, ba abin wasa ko ɗaya. Ana ba da labarin cewa masu kula da su suna ƙorafi wai yaran na tsintar ɓurɓushin burodi a ƙasa saboda haɗama. Ita kuwa ta fahimci hannayensu ne ke neman abin taɓawa. Ta karanta ayyukan likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, ta ƙera kayan koyo, ta zauna da yaran. Wasu daga cikinsu suka ci jarrabawar gwamnati da ake yi wa masu lafiya. Jama'a na ta yabo, ita kuma tambaya ce ta dame ta: in waɗannan sun kamo masu lafiya, me makaranta take yi wa masu lafiyar?

Ta samu damar gwadawa ranar 6 ga Janairu, 1907, a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a Rum. Iyaye na fita aiki, yara kusan 50 suna ɓata bangon gidajen haya, shi ne masu gidajen suka nemi a tara su wuri guda. Ta kira wurin Gidan Yara. Ta sa aka yi tebura da kujeru daidai tsayinsu, aka ajiye kaya inda hannunsu zai kai, kowa ya zaɓi abin da zai yi. Kayan da kansu suke nuna kuskure. Akwai katako mai ramuka, kowane rami da sandarsa; in yaro ya saka ba daidai ba, ɗaya za ta rage masa a hannu, shi da kansa zai koma ya binciko inda ya kuskure. Akwai haruffa masu kaushi da yaro ke bi da yatsa kafin ya riƙe fensir. Aikin malami shi ne ya nuna sau ɗaya, ya ja baya, ya sa ido. Yaran da iyayensu da yawa ba su iya karatu ba suka fara rubutu suna shekara 4 zuwa 5.

Littafinta na 1909 ya fito da Turanci a 1912, makarantu suka bazu a Turai da Amurka, a 1929 ta kafa ƙungiyar Montessori ta ƙasa da ƙasa. Amma fa ba a bar ta haka ba. A 1914 wani malamin jami'a a Amurka, William Kilpatrick, ya soki tsarin, kasuwarsa ta faɗi a can shekaru da dama. Musolini ya fara da goyon bayanta, amma mai son yara su yi fareti su bi umarni ba zai jitu da mai koya musu tambaya ba. Ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantun. Yaƙin basasar Sifaniya ya sake tayar da ita daga Barcelona a 1936.

A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can. Da yake 'yar Italiya ce, Turawan Ingila suka taƙaita zirga-zirgarta, ba ta koma Turai ba sai 1946. A garin Kodaikanal, ita da ɗanta Mario suka faɗaɗa tsarin 'yan firamare, shekara 6 zuwa 12. Malami zai ba da babban labari, misali yadda rubutu ko lambobi suka samo asali, ya tsaya. Yara su fito da tambayoyinsu, su rabu rukuni-rukuni, manya da ƙanana a aji ɗaya, su fita su duba tsirrai da duwatsu, su dawo su yi wa 'yan'uwansu bayani. Ta yi imani yaron da ya ga yadda al'ummomi suka dogara da juna zai yi wuyar zugawa zuwa yaƙi. Sau uku aka gabatar da sunanta don kyautar zaman lafiya ta Nobel. Ta rasu a Holan ranar 6 ga Mayu, 1952.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, tsarin da aka fara don 'ya'yan talakawa yau ya koma alamar tsadar kuɗin makaranta, kuma kusan kowa na iya rubuta sunan a allo. Sannan mu kanmu fa? Muna makarantar da aka gina don aikin hannu, amma da yawanmu hadda muke kwana yi, mu juye ranar jarrabawa, mu manta kafin sakamako ya fito. Ni kaina sai da na je horon masana'anta na gane injin da na zana a takarda ban taɓa kwance shi ba.

Gobe wasunmu za su zama iyaye, wasu malamai, wasu ma su buɗe makaranta. Kafin ka biya kuɗi, ɗan'uwa, ka leƙa ta taga tukuna. Ka duba wa ke magana a ajin, kuma me ke hannun yaran.