Kropotkin, ɗan sarautar Rasha da ya yi jayayya da almajiran Darwin

An haifi Piotr Kropotkin a Mosko a shekarar 1842, a gidan sarauta mai gonaki da bayin gona fiye da dubu. Ya yi karatu a makarantar sojan fada, har ya zama hadimin Sarki Alexander na biyu. Da ya gama a 1862 sai ya ba kowa mamaki, ya zaɓi aikin soja a gabashin Saiberiya, yankin da gwamnati ke kora masu laifi.

Shekara biyar ya yi can yana auna ƙasa da zana taswira. Ya riga ya karanta littafin Darwin na 1859 kan sauyawar halittu, don haka shi da abokin tafiyarsa, masanin dabbobi Polyakov, suka riƙa neman kokawar da aka ce dabbobin jinsi ɗaya suna yi da juna saboda abinci. Kaɗan suka gani. Sanyi da guguwar ƙanƙara da ambaliya ne ke kashe dabbobi a can, kuma masu haɗa kai sun fi tsira. Ya ga bareyi suna taruwa garke guda don ƙetare kogin Amur.

Daga baya ya rungumi aƙidar zaman jama'a ba tare da gwamnati ba. An kama shi a 1874, ya tsere daga asibitin kurkuku a 1876. Kotun Lyon ta Faransa ta ɗaure shi a 1883, ya zauna a gidan yarin Clairvaux har 1886, sannan ya koma Ingila.

A can ne Thomas Huxley, babban mai kare Darwin, ya wallafa maƙala a 1888 yana kwatanta rayuwar dabbobi da filin kisa, inda mai ƙarfi da wayo kaɗai ke kai gobe. A ganinsa, tausayi abu ne da ɗan Adam ke ginawa ta hanyar danne halinsa na asali. Kropotkin ya mai da martani da jerin maƙalu daga 1890 zuwa 1896, waɗanda suka zama littafi a 1902. Da Faransanci sunansa L'Entraide. Ya fara da tururuwa da ƙudan zuma, ya bi ta ƙauyukan Kabil na Aljeriya, har zuwa ƙungiyoyin masu sana'a na tsoffin biranen Turai. Hujjarsa ita ce taimakon juna, irin wanda manomi ya sani a gayya, shi ma gadon halitta ne.

Masu suka sun ce siyasarsa ya gani a daji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake Huxley ma Ingilar masana'antu mai cunkoso ce a gabansa. Babban rauninsa a wani wuri yake: bai warware matsalar mai cin amfanin garke ba tare da ba da komai ba. Me zai hana irinsa yawaita? Sai a 1964 William Hamilton ya nuna da lissafi yadda taimakon dangi ke yaɗa ƙwayoyin gadon mai taimakon, Robert Trivers kuma ya bayyana ba-ni-in-ba-ka a 1971.

Kropotkin ya koma Rasha a 1917, bai kuma jitu da mulkin Lenin ba. Ya mutu a Dmitrov a watan Fabrairu na 1921. An saki wasu ƴan aƙidarsa daga kurkuku na yini ɗaya don su halarci jana'izarsa.